Mazubi Dabam, Bulo Dabam

Jama'a, musamman malaman makaranta da akawuna, muna so mu jawo hankalinku ga wata magana game da koyar da rubuta umarnin kwamfuta. Mun lura yara da yawa suna haddace kalmomi, amma ba su rarrabe mazubi da bulon da aka zuba a cikinsa ba.

A harsunan Java da Python, mai rubutu yakan fara tsara mazubi, wanda ake buɗewa da kalmar class. A nan yake fayyace abin da kowane ɗalibi, alal misali, zai mallaka, watau suna da shekaru da maki, da kuma ayyukan da za a yi da su. Amma fa mazubin ba ɗalibi ba ne. Sai an kira shi, a Java da kalmar new, sa'an nan kwamfuta ta keɓe wuri a ƙwaƙwalwarta, ta cika shi da bayanin yaro guda. Akawu ya san wannan sarai: fom iri ɗaya ake bugawa, amma kowane da aka cika na mutum guda ne.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Ole-Johan Dahl da Kristen Nygaard ne suka fito da ita a birnin Oslo, cikin harshen Simula na shekarar 1967, har aka ba su lambar girma ta Turing ta 2001.

To, ina haɗarin yake? A Python, idan yaro ya ajiye jerin maki a jikin mazubin kansa, maimakon cikin __init__ inda ake shirya kowane sabon abu, to dukan ɗalibai za su yi tarayya a jeri guda. Makin da aka ƙara wa ɗaya sai ya bayyana ga kowa, kwamfuta kuwa ba za ta yi gargaɗi ba. Ku duba ɓarnar da wannan zai yi a sakamakon jarrabawa ko lissafin albashi.

Saboda haka shawararmu ita ce, kada malami ya wuce wannan darasi sai yaro ya zuba abu uku daga mazubi guda, ya sauya ɗaya, ya nuna sauran biyun suna nan yadda suke. Lalle ya kamata makarantun horon malamai su fara gwada ɗalibansu da wannan, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.