Littafi na Biyu na Magana Jari Ce Ba Maimaici Ba Ne

Wani mai sharhi ya rubuta cewa littafi na biyu na Magana Jari Ce, aikin da Abubakar Imam ya wallafa a Zariya cikin kashi uku tsakanin 1937 da 1939, maimaicin na farko ne kawai, tun da Aku ne dai ke ta zuba labari a fada.

Akwai gaskiya kaɗan a nan. A littafi na farko, uwar labari, wato babban labarin da ƙananan ke rataye a jikinsa, tana da haɗari a cikinta, domin Aku yana riƙe Musa ɗan Sarki da hira dare bayan dare don kada ya fita ya faɗa tarkon Waziri. Wannan fargabar ta ragu a na biyu, kuma rauni ne da ba a musunsa.

To, amma ina maimaicin yake alhali an sauya dalilin ba da labarin? A na biyu gasa ce tsakanin Aku da wani aku mai suna Haziƙ, inda kowane labari ke zama amsa ga wanda ya gabace shi, har mai karatu ya koma alƙali yana auna wanda ya fi. Shin ɗalibin Malisa ko Gwandu da ke karanta wa ƙannensa shi da dare, suna gardama kan wanda ya ci, maimaici yake ji?

Littafi na biyu ya gaza na farko wajen ɗaure zuciya, ya kuma fi shi wasa da harshe da raha. Hukuncin maimaici bai dace da shi ba.