Tsarabar Guangzhou

Fataken ƙasar Hausa masu zuwa sarin kaya Guangzhou, a ƙasar Sin, sun san titin Huanshi Lu. Sai dai birnin yana da tsarabar da ta fi haja daraja. A Nuwamban 2010 ya karɓi baƙuncin wasannin Asiya, a Disamba kuma ya shirya wa naƙasassu nasu, maza da mata. Wannan abin koyi ne. Ga Lucy Ejike ta Nijeriya, wadda shan-inna ta naƙasa, ta ci lambar zinariya a ɗaga ƙarfe a Beijing a 2008. Yarinya irinta a Kano ko Maraɗi ta fi buƙatar fili da mai horarwa da yardar iyaye bisa ga sadaka. Hana ta wasa asara ce ga al'umma duka.