Bindiga Sai Da Lasin, Mutunci Ba Sai Da Lasin Ba

Jama'ar Ƙafin Maiyaki da Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, maganarmu ta wannan mako a kan maharbi ce da bindigarsa, da abin da ke tsakaninsa da ɗan sanda in sun gamu a hanya. Ba baƙon abu ba ne a ƙasarmu a ga mutum da bindigar toka a kafaɗa, za shi farauta, ko gadin gona, ko sintirin dare. Mutanen bakin dajin Falgore sun san abin da ɓarayin shanu da masu satar mutane suka yi musu, sun kuma san waɗanda suka kwana waje domin su su kwana ɗaka. Saboda haka maganar ta shafi manomi, ta shafi ɗan kasuwa mai sammakon zuwa cin kasuwa.

Mu fara da gaskiya mai ɗaci. A Amurka riƙon bindiga hakki ne da aka rubuta cikin tsarin mulkinsu tun 1791. A Nijeriya ba haka ba ne. Dokar Bindigogi ta 1959 ta kasa bindiga kashi uku. Akwai irin ta yaƙi, wadda ba mai riƙe ta sai da iznin Shugaban Ƙasa. Akwai irin su mai baki biyu, lasin ɗinta yana hannun Sufeto Janar na 'Yan Sanda. Sa'an nan akwai wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, watau ta toka, al'amarinta yana hannun Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha. Ba a ba da lasin ga wanda bai kai shekara 17 ba, ko mai taɓin hankali, ko mai raunin gani. Wanda duk ya ce maka katin ƙungiyar maharba ya isa lasin, ya cuce ka.

To, ɗan sanda yana da iko ya tsai da kai, ya ce ka nuna lasin da bindigar. Kada ka gudu, kada ka yi gardama, kada yatsanka ya kusanci kunama. Ka mai da bakinta ƙasa, ka faɗa masa ko a ɗure take, ka ajiye in ya ce ka ajiye. Dare da tsoro da bindiga ba su haɗuwa a wanye lafiya.

Amma fa ikonsa yana da iyaka, kuma nan ne ake cutar talaka, gama rashin sani ya fi dare duhu. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta ce kafin ya bincike ka sai ya kasance cikin kayan sarki ko yana ɗauke da katin shaida, ya faɗi sunansa da ofishinsa da dalilin binciken. Ta ce irin tufafin mutum ko askinsa ba dalilin tuhuma ba ne. In lasin yana gida, dokar 1959 ta ce a ba ka lokaci daidai gwargwado ka kawo shi. In an kama ka, sashe na 35 na Tsarin Mulkin 1999 ya ce a sanar da kai dalili a rubuce cikin awa 24, da harshen da kake ji. Kana da ikon yin shiru har ka ga lauya ko wani wanda ka zaɓa. A kai ka gaban alƙali cikin kwana ɗaya in akwai kotu cikin kilomita 40, in babu, kwana biyu. Abin da aka karɓa daga hannunka a rubuta shi, a ba ka takarda. Ba a kama ɗa ko mata a madadin maigida. Duka da azaba don a sa mutum ya amsa laifi, dokar 2017 ta mai da su laifi a kan mai yinsu. Beli kuwa kyauta ne, kuɗin goro ba ya cikin kowace doka.

Wanda ke tsammanin wannan magana ƙarama ce, ya tuna da Uromi ta jihar Edo. A ƙarshen watan Maris na 2025 'yan sintiri suka tare wata babbar mota, suka ga bindigogin toka, aka yi ihun masu satar mutane. Kafin a yi bincike taron gari ya kashe mutum 16, maharba ne masu komowa gida Salla, da yawansu mutanen Torankawa ta Bunkure, nan kudancin Kano. Ko da a ce ba su da takarda ko ɗaya, abin da doka ta ce shi ne caji ofis, sa'an nan kotu. Wannan gargaɗi ne har ga namu 'yan sintiri: in kun kama baƙo da makami, ku miƙa shi ga hukuma da ransa da lafiyarsa. Ɗan sintiri ba alƙali ba ne.

Iyayenmu sun ga zamanin 'yan dokan En'e, lokacin da talaka kan tuɓe takalmi ya durƙusa tun ba a gaya masa laifinsa ba. Abin da NEPU ta tashi yaƙa ke nan a 1950, mutane suka sha bulala da ɗauri a kansa. Ba mu yarda a komo da wannan zamani da sabuwar riga ba.

Don haka muna kiran mahukunta ga abu uku. Na ɗaya, a bayyana wa jama'a da Hausa, a rediyo da kasuwanni, ƙa'idar riƙon bindigar toka da abin da ake biya, da rasit. Na biyu, a kawo rajista kowace ƙaramar hukuma, tare da sarakunan baka da dagatai waɗanda suka san maharbin gaske, domin kada mutumin Doguwa ya yi asarar kuɗin mota da yinin aiki zuwa Bompai. Na uku, kowane shinge a ga suna da lamba a ƙirjin mai tsaronsa.

Ku kuma 'yan jam'iyya, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, a rumfa da majalisa da tasha. In an kama wani naku, ku riƙe rana da wuri da lambar wanda ya kama shi, ku kawo ofishin reshe da hanzari. Bindiga sai da iznin hukuma, wannan mun yarda. Mutuncin talaka kuwa Allah ne ya ba shi, ba a yankar masa lasin.

Allah ya ba talaka sawaba, amin.