Gardamar Dokar Zub da Ciki a Abuja: A Fayyace Iyaka Kafin a Ƙara Horo

A cikin watan Oktoba na shekarar 2025 aka gabatar wa Majalisar Dattawa a Abuja wani shirin doka da ya fito daga Majalisar Wakilai, na yi wa kundin laifuffuka na Kiriminal Kod gyara. Da aka zo kan sashen da ya yanke ɗaurin rai da rai ga wanda ya yi wa ƙaramin yaro ko yarinya fyaɗe, dattawan ba su yi wata jayayya ba. Amma da aka iso kan batun zub da ciki, inda aka nemi a ɗaga horon mai ba da magani ko kayan aikin zubarwa daga shekara 3 zuwa shekara 10, sai zaure ya rabu. Waɗansu suka tambaya, to, ina matsayin likitan da ya cire ciki domin ya ceci ran uwa? Da aka rasa amsa ɗaya, Shugaban Majalisar, Godswill Akpabio, ya miƙa maganar ga kwamitin shari'a. A ranar, mata huɗu ne kurum cikin dattawa 109, kuma da ɗaya daga cikinsu, Natasha Akpoti-Uduaghan, ta nemi ta ce wani abu daga baya, sai aka ce an riga an rufe maganar.

Mutanen Arewa mazauna Ikko da Badun da Shagamu da Fatakwal da Anaca suna iya ɗaukar wannan gardama a kan ta 'yan boko ce da limaman coci, watau faɗan da babu ruwanka daɗin kallo gare shi. To, amma akwai ruwansu a ciki tsundum, domin kuwa dokar da ake ja-in-ja a kanta ita ce tushen dokokin jihohin da suke zaune, kuma a asibitocin waɗannan jihohi ne matansu da 'ya'yansu suke haihuwa, suke yin ɓari, suke kwanciya rai a hannun Allah.

Tun zamanin Turawa Nijeriya take da kundin laifuffuka biyu. Kudu tana bin Kiriminal Kod na 1916. A cikinsa sashe na 228 ya yanke ɗaurin shekara 14 ga wanda ya zubar wa mace ciki, sashe na 229 ya yanke shekara 7 ga macen da ta zubar da nata, sashe na 230 kuwa shekara 3 ga wanda ya kawo magani ko kayan aiki. Sai can a sashe na 297 aka kare wanda ya yi aikin tiyata da kyakkyawar niyya domin ceton ran uwa. Arewa kuwa tana bin Final Kod, wanda ya fara aiki a 1960 zamanin gwamnatin Sardauna, kuma sashensa na 232 ya yanke ɗaurin da zai iya kai shekara 14, ko tara, ko duka biyu, sai fa idan an yi abin da kyakkyawar niyya domin ceton ran matar. Abuja kanta Final Kod take bi. Daga shekarar 2000, Zamfara da waɗansu jihohi 11 suka ƙara da dokokin Shari'a. Jihar Ikko ta sake nata kundin a 2011, inda ta haɗa da kare lafiyar jikin uwa bayan ceton ranta.

Duk wanda ya jera waɗannan dokoki zai ga sun bambanta a wajen horo, amma sun haɗu a kan abu biyu: zub da ciki haka kawai laifi ne, ceton ran uwa kuwa halal ne. Addinin Musulunci ma a nan ya tsaya. Mazhabar Malikiyya, wadda yawancin Musulmin ƙasar nan suke bi, ita ce ta fi tsanantawa, domin mafi rinjayen malamanta sun hana taɓa ciki tun daga shigarsa, ba su jira sai an busa rai bayan kwana 120 ba. Duk da haka malamai sun yarda cewa idan likita amintacce ya tabbatar barin cikin zai kashe uwar, to, ita ake ceta, saboda ita ce tushe, kuma lalura tana da nata hukunci. Ashe ke nan akwai wurin da malami da likita da alƙali za su iya tsayawa tare. Abin da ya gagara shi ne a zauna a rubuta iyakar wannan wuri dalla-dalla, yadda likitan ƙaramin asibiti zai san inda doka ta tsaya masa.

An sha gwadawa, ana watsewa. A 1981, zamanin Shugaba Shehu Shagari, lokacin majalisa tana Ikko, an kawo shirin dokar da ƙungiyar likitocin mata da haihuwa ta goyi baya, shugabannin addini da Majalisar Ƙungiyoyin Mata ta Ƙasa suka tashi tsaye, shirin ya faɗi. A 2006 Sanata Daisy Danjuma ta kawo shirin kafa cibiyar kula da lafiyar haihuwa, aka laƙaba masa sunan dokar zub da ciki, shi ma ya mutu a Abuja. A Jihar Imo, Gwamna Rochas Okorocha ya sa hannu a 2012 kan wata doka mai sashen da ya ba da damar cire cikin fyaɗe da makamantansa, Akbishop Anthony Obinna na Owerri ya jagoranci masu ƙin ta, a 2013 aka soke sashen, gwamnan ya ba da haƙuri. A ƙarshen watan Yuni na 2022 gwamnatin Ikko ta fito da littafin ƙa'idoji ga likitocinta a kan cire cikin da doka ta riga ta halatta, ba a yi mako biyu ba Gwamna Babajide Sanwo-Olu ya dakatar da shi saboda kukan shugabannin addini. Har cikin 2024 ƙungiyoyin mata suna ta roƙon a maido da shi.

Salon ɗaya ne kullum. A shirya abu a ofis ba tare da an tuntuɓi malamai da limaman coci ba, a fito da shi kwatsam, a yi caa, ɗan siyasa ya tuna da zaɓe ya janye, sa'an nan kowa ya koma gida ya ce ya yi nasara. Gwamnatin Tarayya ma tana da nata rabon laifi. Ta amince da Yarjejeniyar Maputo ta 2003 a shekarar 2004, wadda sashenta na 14 ya yi maganar cikin fyaɗe da cikin da ke barazana ga rai ko lafiyar uwa, alhali sashe na 12 na Tsarin Mulkin 1999 ya ce yarjejeniya ba ta zama doka sai Majalisar Tarayya ta mai da ita doka. A 2018 Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta buga nata littafin ƙa'idojin, amma littafin ma'aikata ba ya ɗaure ɗan sanda, ba ya ɗaure alƙali.

Ana cikin wannan kai-da-kawo, rayuka suna salwanta. Binciken da Cibiyar Guttmacher ta yi tare da Jami'ar Badun ya ƙiyasta cewa an zub da ciki miliyan 1.25 a Nijeriya a shekarar 2012, duk da tsananin doka, kuma mata 212,000 sun je asibiti da illar abin, waɗansu 285,000 sun sami mummunar illa ba su sami kulawar da ta kamata ba. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ƙiyasta cewa mata 82,000 suka mutu a Nijeriya a 2020 ta dalilin ciki da haihuwa, watau fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duniya baki ɗaya. Waɗannan alƙaluma suna nuna cewa horo shi kaɗai bai hana komai ba, sai dai ya tura abin zuwa bayan shagon kemis da ɗakin mai sassaƙe. Mai kuɗi tana samun likita a ɓoye, talaka ce take biya da ranta.

Baƙuwa kuwa ta fi kowa shiga tasku. Matar da mijinta yake sayar da albasa a Mile 12, ko yake haya da babur a Agege, ba ta jin Yarabanci sosai, ba ta jin Turanci, uwarta da gwaggonta suna can Sakkwato ko Katsina. Idan ɓari ya zo mata da zubar jini, ko ciki ya zauna a wajen mahaifa, ko jijjiga ta kama ta, mintoci ne tsakaninta da kabari. Aikin da ake yi wa mai ɓari na wanke mahaifa, shi ne dai ake yi wa wadda ta zubar da gangan, kuma kayan aikin ɗaya ne. Har wa yau ƙwayar misoprostol, wadda hukumar NAFDAC ta yi wa rajista a 2006 domin tsai da jini bayan haihuwa, tana cikin magungunan da ake amfani da su ta haramtacciyar hanya. Idan aka ɗora shekara 10 a kan mai ba da magani ba tare da an bambance halal da haram ba, ungozoma da mai kemis na gaskiya za su ji tsoron ajiye shi, likita zai ce a tafi babban asibiti, matar kirki mai aure ta cika a cikin mota.

Masu tsoron a buɗe ƙofar zub da ciki suna da hujja, kuma bai kamata a raina su ba. Ɗan tayi amana ne, kuma al'ummar da ta mai da zubar da shi abin wasa ta yi asara. Amurka ta isa misali: kotun ƙolinta ta buɗe ƙofar a 1973, ta mai da maganar hannun jihohi a 2022, kuma shekara kusan hamsin na gardama ba su kawo sulhu ba. Jamhuriyar Benin ta sassauta tata dokar a 2021. Babu tilas Nijeriya ta kwaikwayi ko ɗaya daga cikinsu. Amma mai kishin ran ɗan tayi wajibi ne ya yi kishin ran wadda take ɗauke da shi, domin idan uwa ta mutu, yawanci da cikin take tafiya, ta bar marayu a baya.

Saboda haka abin da ya kamaci Majalisar Tarayya a bayyane yake. Kada a ƙara wa kowa horo sai an rubuta cikin dokar kanta, da kalmomin da kowa zai gane, irin halin da likita zai cire ciki ba tare da tsoron kamu ba. A kira Majalisar Ƙoli ta Harkokin Addinin Musulunci da Ƙungiyar Kiristoci ta Nijeriya da likitocin mata da ƙungiyoyin mata su zauna tun daga farko, a saurari mata da kyau, gama ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Batun cikin fyaɗe, wanda shi ne ya fi wuya, a sa shi gaban malamai a fili maimakon a riƙa cusa shi a ɓoye cikin wata doka. Tun da Majalisar Tarayya ce mai yi wa Abuja doka, a fara gyaran daga Final Kod na birnin. Dokar hana cin zarafin mutane ta 2015 ma Abuja kaɗai ta shafa da fari, daga baya jihohi da yawa suka ɗauka.

Su kuma shugabannin 'yan Arewa a Kudu, tun daga Sarkin Hausawan Agege da na Idi-Araba har zuwa na Sabo a Badun, da limaman unguwanni, akwai aikin da ba sai sun jira majalisa ba. Su sanar da jama'arsu cewa sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya hana kowane asibiti ƙin karɓar mai neman taimakon gaggawa, ko mene ne dalilin ciwonta. Su matsa wa magidanta su riƙa barin matansu zuwa awon ciki, su tanadi mota da masu ba da jini da macen da za ta yi tafinta. Yarinyar da aka yi wa fyaɗe a kai ta asibiti nan take, a kai ƙarar wanda ya cuce ta, a daina rufe maganar da sunan kunya. Lokacin zaɓe kuma, a tambayi mai neman ƙuri'a abin da ya yi a kan mutuwar mata wajen haihuwa.

Rashin sani ya fi dare duhu, kuma shekara arba'in da ɗoriya ke nan tun 1981 ana barin likita da majiyyaciya cikin wannan duhu. Allah ya ba shugabanni ikon tsai da gaskiya, ya sauki masu juna biyu lafiya, amin.