Wa Ake Rufa Wa Asiri, Yarinya Ko Makaranta?

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a wannan mako wata 'yar magana ce da ta haɗa ni da maƙwabciyata a nan Ƙofar Rini ran nan da la'asar. Tana da ɗiya mai shekara 15, yarinya mai gudu kamar barewa, wadda tun tana firamare ba a taɓa gasar guje-guje ta dawo gida hannu rabbana ba. Bana sai aka zaɓe ta cikin waɗanda za su wakilci makarantarsu a wani gari, tafiyar kwana uku. Uwar ta ce sam. Na ce, "Haba Yaya, don me?" Ta ce, "Ke dai bari, Malama. In wani abu ya same ta can, wa zai gaya mini? Makaranta ta kama bakinta, masu baza labari su saki nasu, ni da ɗiyata mu kasa fita ƙofar gida."

Na so in yi mata gardama, amma da na koma ɗaki na zauna sai na ga ba tsoron banza take yi ba. Abin da ta faɗa ya taɓa faruwa, kuma a inda ake taƙama da ilmi da doka.

A Amurka akwai wata babbar jami'a, Jami'ar Jihar Michigan. A da tana da likitan 'yan wasa mai suna Larry Nassar, wanda kuma a lokacin shi ne likitan ƙungiyar 'yan matan ƙasar masu wasan tsalle-tsalle da lanƙwasa jiki. Yarinya ta zo masa da ciwon baya ko na ƙugu, sai ya ci amanarta da sunan magani, wani lokaci ma uwar tana zaune cikin ɗakin, ya kare ta da jikinsa. Tun cikin 1997 aka sami 'yan mata da suka kai kuka wurin mai horar da su, ita kuwa mace ce 'yar'uwarmu, ta nuna musu ba su fahimci aikin likita ba ne. A 2014 wata ta sake kai ƙara, jami'a ta yi bincikenta na cikin gida, ta wanke shi, ya koma bakin aikinsa.

To, me ya hana manyan jami'ar nan ji? Ba kurame ba ne. A ƙasar can wasa shi ne ke jawo wa jami'a suna da kuɗi da ɗalibai, watau duk abin da ya taɓa sashen wasanni ya taɓa tukunyar gidan. Da aka ɗora sunan makaranta da kukan yarinya a kan ma'auni, sai aka ga sunan makaranta ya fi nauyi.

Wata jarida ce, Indianapolis Star, ta fasa ƙwan. Cikin watan Agusta na 2016 ta buga bincike a kan yadda ƙungiyar wasan ke danne ƙorafin yara. Wata mata da ta karanta, wadda a lokacin ta girma ta zama lauya kuma uwa, ta rubuto musu ta ce ga abin da likitan nan ya yi mata tana yarinya. Ina so ku lura da yadda suka yi. Ba su ruga sun buga a ranar ba. Sai da suka bi diddigi, suka ji ta bakin likitan, sa'an nan a watan Satumba suka fito da labarin mata biyu. Wadda ta yarda a faɗi sunanta aka faɗa, ɗayar kuwa aka sakaya. Sunan likita da na jami'a su aka buga ɓaro-ɓaro.

Daga nan sai ga mata suna fitowa kamar an buɗe dam. A watan Janairu na 2018 mata fiye da 150 suka tsaya gaban kotu, kowacce ta faɗi nata, alƙaliya Rosemarie Aquilina ta yanke masa ɗaurin shekara 40 zuwa 175. A ranar shugabar jami'ar ta ajiye aiki. Kafin shekarar ta ƙare jami'a ta amince ta biya diyyar dala miliyan 500. Sunan da aka yi kusan shekara 20 ana tattali ya zube a yini guda, an yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Ban kuwa wanke 'yan jarida duka ba. A cikin shekarun nan ai akwai masu ɗauko labarin wasanni da ke shiga da fita filin jami'ar, sun san wa ya zo na ɗaya, sun san wa ya yi targaɗe. Ɗan jaridar da ya saba cin tuwon gida da wuya ya leƙa ƙarƙashin gadon masu gidan.

Kada wata ta ce ai wannan halin Turawa ne. Ga Mali nan kusa da mu, ƙasar Musulmi 'yan'uwanmu. A watan Yuni na 2021 ƙungiyar kare haƙƙin ɗan'adam ta Human Rights Watch da jaridar New York Times suka fallasa cewa an daɗe ana matsa wa 'yan matan ƙungiyar ƙwallon kwando ta ƙasar, 'yan ƙasa da shekara 19, kuma shugabanni sun ji sun yi shiru. Aka kama mai horar da su a watan Yuli. Amma yarinyar da ta yi ƙarfin halin magana, da aka tashi tafiya gasar duniya a Hungary cikin watan Agusta, sai aka bar ta a gida. Kun ji ladan gaskiya. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne sai da labari ya ƙetare teku ya dawo kafin a motsa.

Mu dawo gida. Ba na zargin kowace makaranta a garin nan da komai, kuma na san malaman wasanni masu tsoron Allah da suka riƙe 'ya'yan mutane kamar nasu. Amma jami'armu ta Usmanu Danfodiyo tun 1975 take, wasannin jami'o'in Nijeriya kuwa tun 1966 ake yin su, ga kwalejoji ga sakandare, kowace shekara ana kwasar 'yan mata a mota zuwa gasa. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ba mu manta ba, a 2019 sai da BBC ta shiga da kyamarar ɓoye Jami'ar Legas da Jami'ar Ghana kafin a yarda da abin da ɗalibai mata suka daɗe suna faɗa game da wasu malamai.

Mu Hausawa muna son rufin asiri, kullum shi muke roƙon Allah, kuma abu ne mai kyau. Sai dai a irin wannan magana an juya zanen. Wanda ya yi ɓarna shi ake lulluɓewa, a ce yana da iyali, a ce kada a ɓata sunan makaranta, a yi masa canjin wurin aiki a ɓoye ya je ya tarar da 'ya'yan wasu. Yarinya kuwa ita ake yaye wa mayafi. Ko ba a faɗi sunanta ba sai a faɗi unguwarsu da ajinsu da sana'ar ubanta, kafin magariba hotonta ya zaga wayoyi. A unguwa irin tamu, inda kowa ya san kakan kowa, wannan ai daidai yake da yin shela. Alhali kuwa ƙa'idar aikin jarida da aka amince da ita a Ilori cikin 1998 ta hana bayyana suna ko hoton yaron da bai kai shekara 16 ba a irin wannan shari'a. Editocinmu da masu shirye-shiryen rediyo sun san da ita. Masu shafukan Facebook da ke kiran kansu 'yan jarida su ma ya kamata a karanta musu.

Makaranta kuwa, ko jami'a ce ko sakandare, ba kotu ba ce. Ba ta da ikon zama alƙali a shari'ar da sunanta ke ciki. In yarinya ta kawo kuka, a rubuta, a sanar da iyayenta a ranar, a janye wanda ake zargi daga kusa da yara har a gama bincike, a miƙa magana ga hukuma. Jihar Sakkwato ta sami dokar kare yara da dokar hana cin zarafin mutane tun 2021, saboda haka babu Firinsifal ko shugaban jami'a da zai ce bai san inda zai kai ba.

Ku kuma ƙannena, ku saurara. Likita ko malamin wasanni ba shi da hurumin keɓewa da ke a ɗaki. Ki ce a kira malama mace, ba rashin kunya ba ne. In abu ya faru wanda zuciyarki ba ta kwanta da shi ba, ki gaya wa Inna, in ba ta gane ba ki gaya wa Gwaggo, kada ki daina faɗa don an ce ki yi shiru. Mu iyaye kuma mu bar saurin cewa "me ya kai ki?"

Ban ce wa maƙwabciyata ta hana ɗiyarta gudu ba, don in muka tsare su duka a gida ɓarawo ne ya ci riba. Cewa na yi ta sa mayafinta mu tafi makarantar tare. Jiya da hantsi muka je. Ta tambayi Firinsifal wace malama ce za ta raka yaran, a ina za su kwana, wa ke riƙe da makullin ɗakin, kuma in yarinya tana da ƙorafi wurin wa za ta kai shi wanda ba ɗan sashen wasanni ba ne. Uku na farko an ba ta amsa nan take. Ta huɗun ya ce mu dawo ranar Litinin, mun kuwa ce masa za mu dawo, mu da sauran uwayen yaran su shida.