Bikin mayu a Turai, zargin maita a Yamai

Hausawa sun ce abincin wani gubar wani. Duk mai neman sabon yayin biki cikin salula yana iya cin karo da hotunan wani irin aure da ake yi a Turai da Amurka, wanda Nasara ke kira « gotik ». Amarya takan sa baƙar riga har ƙasa, ango ya yafa baƙar alkyabba mai jan ciki, a kashe fitilu a kunna kyandir, a yi gato da siffar akwatin gawa. Wasu har motar ɗaukar gawa suke haya ta kai su wurin biki. In aka ƙara haƙoran roba masu tsini, to ya zama auren « vampir », wato mataccen da ake cewa yana fitowa daga kabari da dare ya sha jinin masu rai.

Wannan ado yana da tushe. A shekara ta 1897 wani marubuci ɗan ƙasar Irlanda, Bram Stoker, ya wallafa littafin Dracula, a 1931 kuma aka mai da shi silima a Amurka. Wajen farkon shekarun 1980 matasan Ingila masu son wani irin kiɗa suka ɗauki baƙin tufa ya zama alamarsu, kuma tun 1994 suke taruwa a garin Whitby, inda wani sashe na labarin ya faru. Ita ma farar rigar da amaren Yamai ke haya a yau aro ce, domin sarauniyar Ingila Victoria ce ta sa ta zama yayi da aurenta na 1840. Masu bikin gotik sun juya wannan al'ada ne kawai. Gari na wayewa sai su wanke fuska, kowa ya koma wurin aikinsa, babu mai gudun su.

A ƙasar nan lamarin ba wasa ba ne. Abin da ya fi kusa da vampir shi ne maye, wanda Zabarmawa ke kira cerkaw. Bisa imanin jama'a, maye yana da ƙanƙara a ciki, yana kama kurwar mutum ya ɓoye, mai kurwar ya yi ta ramewa har ya mutu, sai fa in an tilasta wa mayen ya tsallake shi. Ana cewa gadon maita ake yi, wasu ma suna cewa a nonon uwa ake shan ta. Nan ne zancen ya shiga sha'anin aure.

Kafin a karɓi goron tambaya, dangi sukan aika a binciki asalin yaro ko yarinya. Bincike abu ne mai kyau, amma cikin tambayoyin da ake yi a ɓoye har da wannan : ko gidan suna da maita ? Ba a neman shaida. Ya isa wata tsohuwa ta tuna cewa an taɓa kiran sunan kakar yarinya a bakin wani yaro mai zafin masassara, shekaru aru-aru da suka wuce, a wani ƙauyen Arewa ko na Gobir. Daga nan sai a ga manema sun janye ba tare da faɗin dalili ba, a mai da kayan lefe, a bar tela da ankon da aka riga aka yanka. Yarinyar da aka haifa a Bukoki ko Talaje, ta yi lekol har ta samu aiki, sai ta tsufa gidan ubanta saboda maganar da ba za a taɓa faɗa mata a gabanta ba, balle ta kare kanta. Malamai sun sha jawo hankali cewa Suratul Hujurat ta hana mummunan zato da cin naman ɗan'uwa, amma ranar bincike kaɗan ne ke tunawa.

Abin takaici, akwai wani gado na gaskiya da ke cikin jini, wanda sau da yawa ba a tambaya. Shi ne ciwon emasi, da ake kira sikila ko amosanin jini a Najeriya. Mutum yana iya ɗauke da ƙwayarsa, wato AS, yana cikin ƙoshin lafiya bai sani ba. Idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da kashi 1 cikin 4 na zuwa da yaro SS, mai fama da ciwon ƙashi, ƙarancin jini, rama da ɗorawar ido. Yaro mai irin waɗannan alamomi, a gidan da ba a je likita ba, shi ne ake cewa an kama masa kurwa, a ɗora wa maƙwabciya laifi.

Awon jini guda ya isa ya bayyana wannan, kuma a Yamai akwai cibiyar ƙasa mai kula da ciwon emasi. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ranar 19 ga watan Yuni domin faɗakarwa a kansa. A jihar Kano, tun 2024 doka ta wajabta awon kafin a ɗaura aure.

Saboda haka iyayen da ke shirin aurar da ƴaƴa, kafin su zauna lissafin anko, foyandi da hayar kujeru, ya kamata su aika yaran biyu likita, su bar aika tsofaffi tonon asirin kakanni. Kuɗin awon bai kai na tufafin biki ba, kuma sakamakonsa rubuce yake a takarda, kowa yana iya dubawa. Allah ya ba amare da angwaye zuri'a mai lafiya.