Giya, Sitiyari Da Kujera: Darasin Kimiyya Daga Bakin Titi

Wannan makon mun ajiye allo da alli, mun fita bakin titi.

Duk wanda makarantarsu ke kusa da babbar hanyar da ta taso daga Funtuwa, ta ratsa ƙasar Tsafe da 'Yandoto, ta shiga Gusau, ta fita ta Bunguɗu zuwa Sakkwato, ya saba da rugugin manyan motoci. Buhun takin gonar gidanku, simintin da aka gina ajinku da shi, da sabulun da ke kantin unguwa, duk a bayan wata mota suka iso. Mu 'yan kallo fenti da rubutun jikin mota ke burge mu. Shi kuwa direba, idan aka miƙa masa makulli, abu uku yake fara dubawa: giya, sitiyari da wurin zamansa. Kowanne da dalilinsa, kuma dalilan suna cikin littafin kimiyyar da ke jakarku.

Mu fara da giya. Injin mota yana juyawa da sauri, amma ƙarfin juyinsa shi kaɗai ba zai tayar da tirela mai lodi daga tsaye ba. Aikin giya shi ne musayar gudu da ƙarfi. A ce faifai mai haƙora 15 yana juya wani mai haƙora 45. Sai ƙaramin ya zagaya sau 3 kafin babban ya zagaya sau ɗaya. Gudu ya ragu kashi uku, ƙarfin juyi ya ninka sau uku. Shi ya sa ake tashi da lamba ɗaya, ake kuma komawa ƙaramar giya a hawa. Saboda nauyin kaya, manyan tireloli kan zo da giya 12 ko 16.

Giya iri biyu ce: ta hannu, wadda direba ke taka kulochi ya canja da kansa, da otomatik mai canja kanta. Direbobin dogon zango na yankinmu sun fi karkata ga ta hannu. Dalili na farko gangara ce. Birki yana tsayar da mota ne ta hanyar mayar da gudunta zafi, kuma idan aka daɗe ana taka shi da lodi sai ya yi zafi ya rage kamawa. Gwanin direba kan sa ƙaramar giya tun kafin ya fara gangarawa, injin ya riƙe motar, birki ya huta. Yana son wannan hukunci ya kasance a hannunsa.

Dalili na biyu gyara ne. Giyar hannu, bakaniken Tsafe ko na Bunguɗu zai kwance ta ya mayar. Otomatik ta zamani kuwa sau da yawa sai an jona mata kwamfuta kafin a gane ciwonta, mota na iya kwanaki ana jiran mai gyara daga nesa. Ƙaramar motar kaya mai giyar hannu, irin kanta ko J5, ko batirinta ya yi sanyi ana iya tura ta ta tashi. Mun kuma san halin da wannan hanya ta shiga a 'yan shekarun nan saboda 'yan bindiga. Motar da ta mutu a daji dab da magariba, ba kuɗi kaɗai take sa wa cikin haɗari ba.

To amma ku dubi mai rarraba lemo ko biredi a cikin Gusau, daga Tudun Wada zuwa Sabon Gari. A ce yana tsayawa a kanti 40 a wuni, ga cunkoson babura da keke mai ƙafa uku. Tsakanin kanti da kanti sai ya taka kulochi sau da dama. Kafin la'asar gwiwarsa ta hagu ta gaya masa. Irin wannan direba, da zai samu otomatik, ba zai ƙi ba. Akwai ma wata mai tsaka-tsaki: cikinta irin na giyar hannu ne, amma kwamfuta ke sarrafa kulochi da canjin. Kamfanin Volvo ya fito da tasa mai suna I-Shift a 2001, yau kuma irinta ta cika sababbin tirelolin Turai. Ashe babu giyar da ta fi kowace a ko'ina. Hanya da irin aiki su ke zaɓe.

Sai sitiyari. Kun taɓa leƙa gaban tsohuwar gingimari irin Marsandi 911? Sitiyarinta faffaɗa ne kamar faranti. Dalilin ɗaya ne da wanda ke sa mai faci ya zura bututu a hannun sifana idan noti ya ƙi kwancewa: gwargwadon nisan hannu daga tsakiya, gwargwadon ƙarfin juyi. Motocin yanzu suna da mataimaki, wato pawa. Injin na juya wani famfo, famfon na matsa mai, man kuma na taya direba karkata tayoyi. Wannan ita ce ƙa'idar Pascal, masanin nan na Faransa da ya rayu daga 1623 zuwa 1662, wadda ke cewa matsin da aka yi wa ruwa a rufaffen mazubi yana isa kowane sashe nasa daidai. Idan injin ya mutu, famfon ya tsaya, sitiyari ya yi tauri. Saboda haka kashe mota a gangara don tsimin mai ganganci ne, balle ga mai birkin iska, wadda injin ne ke cika mata tankin iskar.

Gefen da sitiyari yake ma abin dubawa ne. Tun 2 ga Afrilu 1972 Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama, don haka sitiyari a hagu ya dace da titunanmu. Motar da aka ƙera domin Ingila ko Japan nata a dama yake. Mai tuƙa ta, idan zai wuce wata mota, ba ya hango mai tahowa sai ya fito da kusan rabin motarsa, ko ya dogara da idon yaron mota.

Na uku wurin zama. Wasu na ganin kujera mai iska da ke shanye jijjiga, da fanka ko iyakwandishan, da ɗan gadon bayan kujera, duk son jiki ne. Mu yi lissafi. Motar da ke tafiyar kilomita 60 a awa tana cin kusan mita 17 a daƙiƙa ɗaya. Direban da zafin Afrilu da ciwon baya suka gajiyar, idan ya yi gyangyaɗi na daƙiƙa 3, motar ta yi mita 50 babu mai tuƙi. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, da aka kafa a 1988, ta fara tilasta sa na'urar taƙaita gudu a motocin haya a 2017. Na'urar tana hana gudu, amma ba ta hana barci.

Inda gizo ke saƙa shi ne, galibi ba direba ke sayen mota ba. Mai mota na duba farashi, direba ne ke kwana da abin da aka saya. Mai ɗaki kuwa shi ya san inda yake masa yoyo. A cikinku akwai masu motocin gobe, akwai kuma waɗanda za su karanta injiniya a kwalejojin fasaha na Ƙauran Namoda ko Talatar Mafara. Ranar da aka samu matashi a Tsafe mai iya karanta ciwon giya a kwamfuta, ɗaya daga cikin dalilan gudun otomatik ya kau. Ƙasar 'Yandoto da ilimi aka san ta tun da can, wannan ma ilimi ne.

Kafin nan, ku riƙe wannan: idan kuna kusa da babbar mota ba ku ganin fuskar direba a madubinsa, shi ma ba ya ganin ku. Ku matsa nesa.

Aikin gida guda biyu ne. Faifai mai haƙora 12 yana juya mai haƙora 48: sau nawa ƙaramin zai zagaya kafin babban ya zagaya sau 5? Sannan wanda ke da baba, kawu ko yaya direba, ya gaishe shi cikin ladabi, ya tambaye shi wace giya ya fi so da dalilinsa. Ku rubuto mana amsa tare da sunan makarantarku. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.